Taki Casa'in

Ranar Alhamis, a Zango, bayan layin dukawa,
na sami Lawali maƙerin farfaru
da ɗan sikelinsa na awon zobe.
Na aza masa harsashi biyu.
Ɗaya giram tara da ɗoriya,
ɗayan ya kusa sha biyu.
Ya ce, "Tsoho, azurfa nake awo, ba dalma ba."
Na ce, "Auna dai, sikeli bai san dangi ba."

Mara nauyin yaro ne mai gaggawa,
ya miƙe sak, bai iya sunkuyo ba,
amma iskar da ke sauko wa duwatsun Kutus
takan kama kunnensa ta ja shi gefe.
In ya ci karo da ƙashi sai ya tarwatse,
ya ɓata maka kafaɗa guda ta nama.
Mai nauyin kuwa jaki ne da kayan kanwa,
ba ya rawar kai, ba ya jin zugar iska,
sai dai in tafiya ta wuce taki ɗari biyu
yakan fara leƙen ƙasa,
yana neman wurin zama.

Na ɗauki mai nauyin.
Lawali ya dube ni, bai tambayi dalili ba.

Da asuba muka fita fakon hanyar Mirya,
ni da Zabeiru, ɗan ƴata,
da gwangwanin tumatir, da buhun yashi.
Shekarar da na auri kakarsa
a taki ɗari biyu da hamsin nake saiti,
ina ganin ƙudan da ke bisa kunnen barewa.
Shekarar da rijiyar gidanmu ta ƙafe, ɗari biyu.
Bara waccan, ɗari da hamsin,
na ce laifin madubin bindiga ne.

"Ƙirga ɗari da hamsin," na ce masa,
"ka aza gwangwanin a kan suri."
Ya tafi yana ƙirga da ƙarfi don in ji.
Na kwanta, na jingina bindiga a buhu,
na rufe ido ɗaya,
sai ga jan gwangwani tas, kamar goro a tafin hannu.
Na saki numfashi rabi, na taɓa kunama.
Ya yi tsalle.
Na biyu ma haka.
Yaron na ta tafi, "Kaka, idonka na nan!"

Na tashi zan je duba huda,
sai na ga sawunsa a yashi,
gajeru, a matse, kamar na mai ɗauke da tulu cike.
Takun ƙarya ya yi mini, ɗan albarka.

Na kira shi.
Na ce, "Kunya tsakanin mutane take,
bindiga ba ta san ta ba.
In na gaskata ɗari da hamsin ɗinka,
gobe a daji zan karya ƙafar barewa
ta tafi ta kwana uku tana mutuwa a ƙarƙashin aduwa,
ga ƙuda, ga dila,
ba yanka, ba bismilla.
Koma ka ƙirga da takun namiji."

Ya koma, kansa a ƙasa.
Casa'in.

To, casa'in.
Na murɗa ɗan ƙarfen saiti har ya zauna,
na yi zane da wuƙa a gindin bindiga,
ƙasa da tsofaffin zanuka uku.

Abin da ido ya rage, gwiwa za ta biya:
rarrafe cikin ƙarangiya, iska a fuska,
har in ji ƙarar haƙoranta a kan ciyawa.
Zabeiru ya tsinci gwangwanin,
yana zura yatsa a hudar,
ya ce, "In ta ji warinka ta gudu fa?"
Na ce, "Sai mu ci tuwo da kuka.
Ɗauko buhun, rana ta yi."